Me ya sa sauran beyar ke tashi su bar wa ƙato ɗaya wurin kamun kifi ba tare da an gwabza ba?

Ummu Sultan:

Assalamu alaikum ƴan uwa, dan Allah masu bibiyar harkar namun daji ina da tambaya. Akwai kyamarar nan da ke haska kogin Brooks kai tsaye a YouTube, can jihar Alaska ta Amurka, inda beyar masu ruwan ƙasa ke taruwa lokacin da kifin salmon ke hawowa daga teku. Abinda ke ɗaure min kai shine zakaga beyar ya samu wuri mai kyau yana ta cafkar kifi hankalinsa kwance, kawai sai wani ƙato ya ɓullo daga cikin bishiyoyi yana tafe a hankali ko kallonsa bai yi ba, shi kuma wancan tun kafin a iso kansa ya tattara ya bar wurin, wani lokacin ya gudu da kifin a baki wani lokacin ma ya yar da shi. Babu cizo babu yakushi. Kuma shi wanda ya tashin ba ƙarami bane fa, shima ƙato ne na gaske.

To ta ina suke sanin wane ne gaba da wane? Gado ne ko shekaru ko girman jiki kawai? Kuma tunda duk yunwa ce ta kawo su me zai hana ya tsaya ya kare wurinsa?

Sai abu na biyu wanda shi yafi damuna wlh, iyaye mata masu ƴaƴa ƙanana. Zakaga uwa ta zo da ƴan mitsi-mitsin ƴaƴanta ta ajiye su a bakin ruwa tana kamu tana waige, ga ƙattin nan kewaye da ita, ni dai gabana faɗuwa yake. In wurin yana da hatsari haka me ya kawo ta, ba sauran koguna ne? Wanda ya sani ya warware min dan Allah.

Abu Hafsat:

Wa alaikumus salam hajiya. Faɗan da kike jira ki gani an riga an yi shi, ko bara, ko shekarun baya, ko watan jiya lokacin barbara can cikin daji inda babu kyamara. Abinda kike gani a bakin ruwa sakamakonsa ne, kowa yana tafe da abinda ya tuna.

Ki fara da wannan, beyar ba dabbar garke bace. Gandun dajin Katmai inda kogin yake yana da beyar wajen 2,200 amma kusan duk shekara kowa harkar gabansa yake shi kaɗai, in ba uwa da ƴaƴanta ba ko namiji da mace lokacin barbara wajen watan Yuni. Kifi ne kaɗai ke tilasta musu zama kafaɗa da kafaɗa. Shi kogin Brooks gajere ne, bai kai kilomita 3 ba, tafki biyu ya haɗa, a tsakiyarsa kuma akwai wata magangara inda ruwa ke zubowa daga kan dutse, tsawonta bai cika mita 2 ba, to kifin da ya baro teku ta Bristol Bay ya biyo kogin Naknek in ya iso nan dole ya dakata ya yi ta tsalle har ya samu ya haye, sai ya taru jingim a ƙasan magangarar musamman a watan Yuli. Shi yasa zaki ga beyar sama da 20 a wuri ɗaya. Kuma wuraren da kamu ke da sauƙi ƴan kaɗan ne, akwai leɓen magangarar ta sama inda kifi ke faɗowa baki, akwai ramin ƙasa inda ruwa ke kumfa wanda ma'aikatan wurin ke ce wa jakuzi, sai kuma wani gurbi can ɗaya gefen. Duk rigimar akan waɗannan ƴan wuraren take.

Me zai hana ya tsaya ya kare wurinsa? Lissafi ne. Dabbar nan zata shiga rami wajen ƙarshen Oktoba ko Nuwamba ta yi wata 5 zuwa 6 ba ci ba sha, kafin ta fito ta zubar da kusan kashi 1 cikin 3 na nauyinta, duk abinda zata rayu da shi a ramin sai ta tara shi a ƴan watannin nan. Kifi ɗaya sabon hawowa yana ɗauke da kalori wajen 4,500. In ya tashi ya bar wurin ya yi asarar kifi biyu ko uku na wannan yammacin, gobe ma rana ce. In kuwa ya tsaya aka fasa masa muƙamuƙi ko aka yaga masa dantse to ya yi asarar makonni, watakila ma ransa. Shima babban haka, ko ya yi nasara ba lallai ya fita lafiya ba, shi yasa shima ya fi son a gane ba sai an taɓa jiki ba.

Kuma kince ko kallonsa bai yi ba, hajiya wannan rashin kallon shi kansa magana ce. Wanda ya isa baya sauri baya waige, kai tsaye yake nufar inda yake so kamar babu kowa a wurin. In ya ga wancan yana jan jiki bai tashi ba sai ki ga ya canza taku, ya buɗe ƙafafun baya ya sandare su yana tafiya yana murza ƙasa, sau da yawa yana fitsari yana tafe don warinsa ya zauna a wurin, ya sauke kai ƙasa, kunnuwa su kwanta baya, ya juya gefe don a ga faɗin jikinsa. Shi kuma wanda ke cikin damuwa zaki ga yana hamma ba don barci ba, yawu na dalala, yana huci yana haɗa haƙora suna ƙara. In abin ya ƙara zafi su fuskanci juna baki buɗe suna gurnani har hancinsu ya kusa haɗuwa, amma ko a nan ma yawanci ɗaya ne zai kau da kai ya fara ja da baya a hankali, ko ya zauna daɓas, shikenan an gama magana. Tsayuwa da ƙafa biyu da mutane ke ɗauka shirin kai hari ne ba shi bane, leƙe yake yana shinshina.

Gado kam babu shi. Girman jiki ne kan gaba, sai zafin zuciya, don akwai ƙato mai sanyin hali da wanda bai kai shi ba ke kora. Namiji baya shiga sahun manya sai ya haura shekara 10, lokacin nauyinsa a ƙarshen kaka yana iya wuce kilo 450. Tun shekarun 1970 masu bincike irin su Allen Stokes da Derek Stonorov da Allan Egbert suka zauna a kogin McNeil, nan kusa da Katmai, suka rubuta wa ke kauce wa wa, abinda suka samu shine manyan maza a sama, sai iyaye mata masu ƴaƴa, sai matan da ba su da goyo da mazan da ba su gama cika ba, can ƙasa kuma matasan da aka yaye. Har yau haka ake gani a Brooks.

Ta ina suke sanin juna kuma, ai ba baƙin juna bane. Suna kai shekara 20 har sama, da yawansu iyayensu ne suka kawo su kogin tun suna jarirai kuma duk shekara nan suke dawowa, hancinsu kuwa ba a magana, ga bishiyoyin da suke goga baya a jiki kowa ya bar warinsa. Kafin ke ki hango ƙaton a kyamara shi wancan ya daɗe da jin wanda ke tafe.

Dan Autan Mama:

Kai malam Allah ya kara basira, gsky na karu sosai. Ni wanda nake ji ana ta fada shine beyar mai lamba 856 (tunda ma'aikatan gandun lamba suke ba su don gane su), ance in ya shigo ruwa kowa watsewa yake har manyan ma. Kenan shine sarkin kogin ko? toh in shine sarki yana kare sauran ne in bako ya shigo, ko yana raba fada in biyu sun kaure, kuma matan wurin duk nasa ne kamar yadda zaki yake yi? sannan in ya tsufa ya ake yi, kashe shi sabon yake ko korarsa yake daga kogin gaba daya, dan naga wasu tsofaffin duk jikinsu tabo wasu kunne a yage abin tausayi wlh

Ƴar Sakkwato:

Malam Abu Hafsat bayaninka ya yi, saidai ni ina ganin yadda ka faɗe shi sai mutum ya ɗauka tsarin nan sauƙi ne ga kowa, an kauce wa faɗa kowa ya tsira. Tsakanin ƙattin maza ne yake da sauƙi. Masu biyan kuɗinsa iyaye mata ne da ƴaƴansu, kuma wannan shine tambayar Ummu Sultan ta biyu.

Ƴar uwa abinda ya kawo ta nono ne. Tana haihuwa a cikin rami wajen Janairu ko Fabrairu, jaririn bai wuce rabin kilo ba, ta shayar da shi watanni alhali ita ko ruwa bata sha ba, ta fito a rame ga baki biyu ko uku suna binta, kuma zasu zauna da ita shekara 2 da rabi wasu har 3 da rabi. Ciyawa da ƴaƴan itace basa mayar mata da abinda ta zubar kamar yadda kifi ke yi. Ko wadda bata da goyo ma in bata tara kitse isasshe ba kafin shiga rami cikin da ta ɗauka a watan Yuni baya kamawa, don ƙwan yana jira ne sai kaka sannan ya zauna a mahaifa. To kinga ba ganganci bane, tsakanin yunwa da hatsari take zaɓe kullum.

Kuma ba dukansu ke zuwa ba. A tsibirin Chichagof da ke kudu maso gabashin Alaska, Merav Ben-David da abokan aikinta sun auna gashin beyar don gane abinda suka ci, suka wallafa a 2004 cewa mata masu sabbin jarirai sun fi sauran ƙarancin cin salmon, wato wasu sun haƙura da kogin kwata-kwata sun zauna nesa don gudun maza. A Glendale Cove ta ƙasar Kanada kuma Owen Nevin da Barrie Gilbert sun lura cewa in ƴan yawon buɗe ido suna wurin manyan maza janyewa suke, sai iyaye mata su samu sararin kamu. Ki duba fa, ta gwammace kusantar ɗan Adam akan namijin jinsinta. A Brooks ma zaki fi ganin masu goyo a ƙasan kogi kusa da gada da sansanin baƙi, ko su jira sai ƙattin sun ƙoshi sun tafi kwanciya.

Saidai akwai irin su 128 da ake kira Grazer, ita bata ɓuya, leɓen magangarar take hawa da ƴaƴanta a bayanta kuma bata jira namiji ya matso, ita ke fara afka masa ko ya ninka ta, har ya zama ko shekarar da bata da goyo maza da yawa kauce mata suke don sun tuna. Amma ko ita bata tsira ba. A watan Yulin 2024 ruwa ya ja ƴaƴanta biyu suka gangaro ta magangarar suka faɗo kusa da 32 wanda ake ce wa Chunk, lokacin shine kan gaba a kogin, ya cafki ɗaya, ta yi kukan kura ta afka masa har ya saki amma raunin ya riga ya yi yawa, daga baya ɗan ya mutu. Mutane da yawa sun gani kai tsaye, wlh abin da ciwo.

Masana suna cewa in namiji ya kashe ƴaƴan da ba nasa ba uwar tana dawowa neman barbara cikin ƴan kwanaki maimakon ya jira shekara 2 ko 3, Jon Swenson ya nuna hakan a dazukan Suwidin tun 1997, inda mafarauta suka harbe babban namijin yanki sai mutuwar jarirai ta ƙaru don sabbin maza sun shigo. Na yarda da wannan amma bana ɗaukarsa amsar komai. Ranar 30 ga Satumba 2024 namiji mai lamba 469 ya kashe babbar mace 402 a cikin ruwa ya ja gawarta zuwa gaɓa, lokacin barbara ya wuce tuni, kuma 402 uwa ce da ta yi haihuwa 8 a wannan kogin. Har sai da aka ɗaga sanarwar gasar beyar mafi ƙiba, wadda jama'a ke kaɗa ƙuri'a a intanet duk shekara su zaɓi ɗaya cikin beyar kogin, da kwana 1 saboda abin. Wato kau da kai da ja da baya ba kullum yake ceton na ƙasa ba, wani lokacin babban abinci yake gani ba abokin hamayya ba.

Baba Na Ruga:

Ƴaƴana sannunku da ƙoƙari, jikana ne ya nuna min hotunan a wayarsa na ce bari in sa baki. Ni dabbar nan a hoto na santa amma abinda Abu Hafsat ya faɗa na san shi a wurin shanu. Da rani in aka kai garke mashaya ɗaya, bijimin da aka taɓa kayarwa baya sake jayayya, da ya ga wancan ya doso zai matsa, kuma zai iya shekara biyu yana matsawa. Karon da ke karya ƙaho tsakanin sa'o'in juna ake yinsa, waɗanda kowa ke ganin zai iya, ko kuma in an kawo baƙon bijimi da ba a san ƙarfinsa ba. Da damina kuwa da ruwa ko'ina babu mai ture wani.

To shine nake tambaya ɗana, suma in kifin ya yi yawa rigimar tana lafawa? Don in haka ne ba mugunta ce ke sa babban babakere ba, ƙarancin wuri ne. Ke kuma ƴata ta Sakkwato maganarki gaskiya ce, duk inda aka matsu mai goyo ce ke fara shan wuya, Allah ya sa mu ji tausayin na ƙasa da mu.

Abu Hafsat:

Baba barka da shigowa, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Haka abin yake. Munanan faɗan da ke barin tabo tsakanin waɗanda suka yi kusa da juna a girma ake yinsu, kuma sun fi yawa a farkon lokaci, ƙarshen Yuni zuwa farkon Yuli, lokacin kowa ya fito da yunwa, kifi bai gama isowa ba, barbara bata gama wucewa ba, kuma kowa yana gwada ko na bara har yanzu yana nan da ƙarfinsa. Masu binciken McNeil sun ga cewa da kwanaki suka ja rigima raguwa take, an saba da juna tazarar da kowa ke buƙata ta ragu. In kifi ya cika kuwa, kamar 2022 da salmon wajen miliyan 79 suka shigo Bristol Bay wanda ba a taɓa ƙirga irinsa ba, zaka ga ƙattin da basa ga maciji suna tsaye kusa da juna kowa na ci. A irin wannan lokacin babban baya ma cinye kifin, fata yake ɗaye wa ya ci ƙwaƙwalwa da ƙwai inda kitse yake ya saki sauran ruwa ya tafi da shi, matasan da ke jira a ƙasa da tsuntsaye su samu. In kifi ya yi ƙaranci kuma sai ƙwace ya yawaita, wani ƙaton ma baya wahalar kamu, jira yake wani ya kama ya taso masa.

Ƴar uwa ta Sakkwato na karɓi gyaranki, tsarin ba adalci yake rabawa ba, rage zubar da jini kawai yake tsakanin masu iya zubar da na juna.

Auta ƙanina, cire maganar sarauta a ranka. 856 baya kare kowa, baya raba faɗa, baya korar baƙo don amfanin wasu, bashi da mabiya kuma matan ba nasa bane, mace tana iya barbara da maza fiye da ɗaya a shekara guda ta tafi ta yi renonta ita kaɗai. Kogin ma ba mallakinsa bane don in ya ƙoshi ya tafi wani ne zai shiga gurbin nan take. Abinda fifikonsa ke bashi kawai shine duk inda ya so tsayawa a bar masa, in yana bin mace sauran maza su ja baya. Ya hau kan gaba wajen 2011 ya daɗe a wurin kusan shekara 10, wanda ba ƙaramin abu bane. A 2017 ya dawo ba ƙarfi sosai Chunk ya ture shi, shekarar da ta biyo ya murmure ya karɓe abinsa, a 2021 kuma 747 ya sha gabansa, shi 747 an ƙiyasta nauyinsa wajen kilo 630, sannan Chunk ya zo ya haye a 2024. Gaba da gabanta kenan. Kuma ba a kashe 856 ba, ba a kore shi ba, ya ci gaba da zuwa kogin, saidai yanzu ya koyi kauce wa waɗanda da suke kauce masa.

Abinda nafi so mutane su lura da shi ma shine zama na ɗaya ba shine kaɗai hanyar ƙoshi ba. 480 da ake kira Otis ba mafaɗaci bane, da ya tsufa ma haƙoransa sun zube wasu sun cinye, samari suna ture shi ya matsa ba gardama, amma a zamaninsa yana da gurbinsa can gefe inda zai zauna cikin ruwa ya kasa ya tsare baya ɓarnar ƙarfi wajen bin kifi da gudu, an taɓa ƙirga masa kifi 42 a zama ɗaya, kuma sau 4 yana cin gasar ƙiba, 2014 da 2016 da 2017 da 2021. Ni a wurina ya fi masu gurnanin burge ni nesa ba kusa ba.

Ummu Sultan:

Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya, Baba na gode da sa baki. Labarin ɗan Grazer ya tsaya min a rai gsky. To su matasan da malam yace suna can ƙasan kowa, uwa ta kore su ga shi basu kai su yi jayayya da kowa ba, ya suke rayuwa har su girma? Kuma shi Chunk ɗin har yanzu shine gaba?

Ƴar Sakkwato:

Shekarun nan na bayan yaye sune mafi wuya a rayuwarsu ƴar uwa. Jiya yana bayan uwarsa manya suna raga masa saboda ita, yau ita da kanta ke korarsa da cizo don zata koma barbara, ya wayi gari kowa na iya taka shi. Basa kusantar magangarar sai ta yi fili, a ƙasa suke tsayawa inda ruwa bashi da zurfi suna tsintar ragowar da ya gangaro, suna ta bin kifi da gudu suna fantsama ruwa yawanci a banza don basu iya ba tukuna, da sun samu kuma sai cikin daji da gudu kafin a ƙwace. Ƴan uwan ciki ɗaya sukan zauna tare na ɗan lokaci, wasu ma su haɗu da sa'o'insu da ba dangi ba suna yawo tare suna kokawar wasa, kuma a wannan kokawar ce suke fara sanin ƙarfin juna tun kafin abin ya zama na gaske. Watan Satumba ne ke cetonsu, lokacin kifin ya gama zuba ƙwai ya yi ja ya raunana yana mutuwa da kansa, ya bazu ko'ina a ƙasan kogi da bakin tafki, babu wani gurbi ɗaya da ƙato zai tsare, kowa sai ya sa fuska cikin ruwa yana tsinta.

Akwai wanda ya yi sa'a ta daban, 503. Uwarsa ita ce 402 ɗin nan da aka kashe, ta rabu da shi a 2014 yana ɗan shekara 1 da rabi, lokacin da bai isa zama shi kaɗai ba, sai wata uwa 435 Holly da ke da nata jaririn ta karɓe shi ta haɗa ta shayar har suka shiga rami tare, abinda ba kasafai ake gani ba a wurin beyar. Ya girma ya zama ƙato kuma an san shi da sauƙin hali, yana wasa da wasu mazan ko bayan ya kai girman da zai iya korarsu.

Shi kuma Chunk a watan Yunin 2025 ya dawo kogin da muƙamuƙi a karye yana reto, irin raunin da ake samu wurin faɗa da wani namijin, kinga abinda malam ke faɗa kenan na cewa ko babba baya fita lafiya. Babu likitan da ya taɓa shi don ma'aikatan gandun basa sa hannu a irin wannan. Ya koyi cin kifi da karyayyen bakin a hankali, girman jikinsa kuma yasa da yawa suka ci gaba da bashi wuri duk da baya iya cizo kamar da, kafin kaka an ƙiyasta shi sama da kilo 500, kuma shi ya ci gasar ƙiba ta 2025 bayan Grazer ta kayar da shi a zagayen ƙarshe a 2023 da 2024. Wanda ya kara da shi a ƙarshen kuwa 856 ne.